Kuɗin Gonar Dakusa a Hanyar Alƙahira

Tun da muka dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A lakwal ɗin da nake koyar da lissafi, da zarar an fita hutun ƙarfe goma sai malamai su jawo kujeru su kewaye ni. A unguwarmu ta Birni kuwa, duk wadda ta shigo duba Baba sai ta leƙo ta ce, "To Hadiza, yaya ƙasar Larabawa?" Nakan ce lafiya lau, an yi aiki, an dace. Gaskiya ce, amma ba ta kai rabin abin da ya faru ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, in huta da maimaitawa.

Mahaifina, Malam Mahammadu Abdu, baduku ne. Ya haura saba'in yana zaune a zaurensa yana ɗinkin fata, har ranar da numfashi ya fara gagararsa. Likitan zuciya a Yamai ya ce wata ƙofa ce a cikin zuciyar ta daina rufewa yadda ya kamata, sai an yi aiki, kuma ya ba mu shawarar wani asibiti a Alƙahira. Kuɗin da suka nema ya fi ƙarfinmu ni da ƙanena Sani, ko da mun haɗa albashin shekara biyu. Bayan kwana uku Baba ya kira mu ya ce a sayar da gonar Dakusa, wadda ya gada daga kakansa.

A kan yadda za a kai kuɗin ne muka sami saɓani. Baba ya ce shi zai ɗinka ɗamara ta fatar akuya mai aljihu biyu, ya ɗaura a ƙugunsa, kamar yadda fatake suke yi. Ni kuma na ce zamani ya wuce nan. Na ce hanya akwai ɓarayi, filin jirgi akwai doka, asibitin ma ta banki suka ce a biya. Na yi ta kawo hujja kamar ina gaban allo. Baba ba ya faɗin sunana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Iya yake kirana. Ya dube ni ya ce, "To Iya, ke kika yi boko. A yi yadda kika ce." Muka je banki, ya dangwala hannu, wata yarinya mai fara'a a gishe, wato tagar karɓar kuɗi, ta ce kwana uku zuwa biyar kuɗin sun isa, za ma su riga mu sauka. Ɗan abin da ya rage na abinci da masauki shi kaɗai Baba ya samu ya zuba a ɗamararsa.

Mun bar Damagaram da hantsi, muka bi ta Matamai. Na biya wa Baba kujera biyu a gaba don ya miƙe ƙafafunsa da suka kumbura. A Ɗan Barto aka sauke mu don duba takardu. Jandarman da ya karɓi fasfo ɗinmu ya ga yadda Baba yake haki, sai ya tashi ya ba shi bencinsa, ya sallame mu kafin kowa. Saurin nan ne ya ja mini abin kunya. Sai da muka tsallaka Kwangwalam, direba ya fara ba mota wuta, na tuna babbar ambulan mai hotunan ƙirjin Baba tana can kan bencin. Fasinjoji suka yi ta tsaki. Na hau kabu-kabu na koma, na tarar jandarman ya ɗaga hoton sama yana nuna wa abokin aikinsa haƙarƙari. Ya miƙo mini ya ce, "Madan, zuciyar tsohon nan babba ce." Ban gaya masa cewa girman nata shi ne ciwon ba.

A bakin iyaka na canja ƴan jikkunan sefa zuwa naira don kuɗin mota da ruwa. Ɗan canjin ya miƙo mini damin naira da sai da na buɗe jaka sosai kafin ya shiga. Baba ya karɓa ya jujjuya shi, ya ce lokacin da yake saurayi yana kai jakunkuna Kano, idan ya dawo da naira a aljihu har rangaji yake yi a kasuwar Dole, kowa na so ya canja masa. Yanzu ga mutane suna bin mu suna roƙon mu sayar musu da sefa.

A Kano mun kwana biyu a gidan Alhaji Garba, tsohon abokin cinikin Baba wanda daga baya ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. An karɓe mu da tuwon shinkafa da miyar taushe, an yanka kaza. Sai da na shiga cikin gida taya matarsa wanke-wanke ta gaya mini cewa rabon su da nama tun Sallah. Kuɗin fanshon Alhaji ba a rage ko kwabo ba, in ji ta, yana nan yadda yake a takarda, amma abin da a da yake isar su wata guda yanzu ba ya kai mako biyu. Da na faɗa wa Baba sai ya ce kada in kuskura in nuna na sani. Da za mu tafi ya ciro sabon takalmin da ya ɗinka wa kansa don tafiyar ya ba Alhaji, ya ce ya matse shi.

A filin jirgi injin duba kaya ya yi ƙara a kan jakar hannun Baba. Da aka zazzage sai ga basilla biyu da ƴar wuƙar yankan fata, ya naɗe su a tsumma. Ya ce ai ba zai yi wata guda a ƙasar mutane hannu banza ba. Ma'aikacin ya yi masa bayani cikin ladabi cewa ba a hawa jirgi da su. Baba ya ce wuƙar nan ta girmi ma'aikacin. Duk da haka a can muka bar su. A cikin jirgi bai yi magana ba sai sau ɗaya, da muka bi ta saman Sahara da rana tsaka. Ya leƙa taga ya daɗe, sannan ya ce, "Nan kakana ya bi da raƙuma wata uku."

Masu duba kaya a Alƙahira kuma ƙullin daddawa ne ya tsayar da su. Mutum uku suka taru suna shinshinawa suna ja da baya. Da ɗan Larabcin islamiyya na ce abinci ne, ba su yarda ba sai da na gutsura na ci a gabansu.

Masaukinmu ɗaki biyu ne a hawa na bakwai, gidan wata tsohuwa bazawara da ke ba baƙin asibiti haya. Abin da ta fara tambaya, kafin ma ta tambayi mai jiki, shi ne ko da dalar Amurka za mu biya. Na ji haushi a lokacin. Daga baya da muka saba ta nuna mini awarwaron zinare siri-siri da suka cika mata hannu, ta ce ba ado ba ne. Mijinta ya bar mata kuɗi a banki da za su riƙe ta har mutuwa, sai aka wayi gari an karya darajar kuɗin ƙasar, ba sau ɗaya ba. Tun daga nan duk abin da ta samu sai ta mai da shi zinare ta sa a hannu, inda take ganinsa. Na tuna matan Birni da tarin kwanonin da suke jerawa a ɗaki, waɗanda nake yi wa kallon rashin wayewa.

Garin ba ya shiru. Motoci ba sa tsaya wa mai tafiya a ƙasa, sai dai ka laɓe a gefen wata tsohuwa ƴar gari ka tsallaka tare da ita. Mata ba sa sauka sayen gurasa, kwando suke zurowa da igiya daga bene, mai gurasa ya zuba ya ɗauki kuɗinsa. Gaisuwarsu gajera ce. Baba ya shiga lif ya fara yi wa wani maƙwabci gaisuwa irin tamu, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, bai kai ga tambayar yara ba ƙofa ta buɗe mutumin ya fice. Abincin safe wake ne da aka dafa ya yi luguf aka zuba mai da lemun tsami, Baba ya ce wannan ya gane shi. Amma da na kawo masa wani abinci da suke ji da shi, shinkafa da taliya da ƙananan wake duk a kwano ɗaya, ya ce wannan ragowar gidaje uku ce aka haɗa. Kunun gero da na taho da garinsa shi ya riƙe shi.

Kwana biyu da sauka muka je asibiti. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta duba Baba, ta ce bai kamata a wuce mako guda ba a yi aikin ba. Sannan aka tura ni ofishin kuɗi. Mutumin da ke wurin ya danna na'urarsa ya girgiza kai. Babu abin da ya shigo. Na ce ai yau kwana shida, ya ce in dawo gobe. Gobe ma haka, jibi ma haka. Na kira Sani ya je bankinmu a Damagaram. Suka nuna masa takarda: kuɗin sun fita tun ranar da muka sa hannu. A can sun fita, a nan ba su iso ba. Na tambayi mutumin ofishin to suna ina, ya buɗe tafin hannuwansa ya ce, "A hanya."

Ina koya wa yara cewa abin da aka ɗebe daga wannan gefe dole ya bayyana a wancan. Ranar na zauna a matakalar asibitin da takardu a cinya, na kasa gane inda gonar kakanmu ta shiga. Da a ce kuɗin suna Damagaram, da na sa Sani ya cire ya ba ƴan kasuwar da ke da mutane a Alƙahira, su ba ni a nan. Amma babu abin da za a cire. Kuma ni na ce a yi haka.

Ina zaune ina magana da Sani a waya, sai na ji an ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Da Hausa. Na ɗaga kai na ga wani dattijo dogo, baƙi, da farar jallabiya wankakkiya wadda wuyanta ya fara cinyewa. Ya ce sunansa Tijjani, mutumin Sudan ne. Kakanninsa daga ƙasar Hausa suka tashi za su Makka da ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, kurɗi yake cewa maimakon kuɗi, yana cusa Larabci a tsakani. Yaƙi ne ya koro shi da iyalinsa, yanzu yana tsayawa a ƙofar asibiti yana yi wa baƙi tafinta, a ba shi abin da ya sawwaƙa.

Na miƙa masa takardar bankin don kawai in sami wanda zan nuna wa. Ya ciro tabarau ya karanta ta daga sama har ƙasa, ba kamar mai tafinta ba. Ya ce, "Wannan ba ita ce takardar da za ki nema ba. Ki ce wa ɗan'uwanki ya koma ya ce su ba shi kwafin saƙon da suka aika, mai lambar bin sawu. Kada ya tsaya a gishe, ya nemi mai kula da aika kurɗi waje." Na tambaye shi yadda ya san wannan. Ya ninke tabaran ya ce, "Shekara ashirin da biyu ina wannan kujerar a Khartum."

Ya saya mini shayi a bakin titi, ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk da karatuna. Ya ce bankinmu na Damagaram bai san bankin asibitin ba, ba su taɓa hulɗa ba. Sai ya miƙa saƙon ga wani babban banki a Turai da ya san shi, shi kuma ya miƙa wa wani a Amurka tunda da dala za a biya, sannan ya gangaro Masar. "Kamar dillalai ne a kasuwar shanu," in ji shi, "kowa yana tsaya wa wanda ya sani. Babu buhun kurɗi da ke tafiya, magana ce kawai ke wucewa daga hannu zuwa hannu. Idan ɗaya ya ji tsoro ya rufe bakinsa, shi ke nan komai ya tsaya." Ya ce ƙasashe irin tawa da tasa, manyan bankunan nan suna ganin ribar hulɗa da mu kaɗan ce, hatsarin a ci su tara kuma babba ne, don haka abu kaɗan ke sa su riƙe.

Na tambaye shi nasa kuɗin fa, da ya gudo. Ya yi ɗan murmushi. Duk abin da ya tara yana cikin bankin da ya yi wa aiki. Reshen ya ƙone, na'urorin sun mutu, ya fito da jaka ɗaya. Na ce to ai ya ga abin da banki ya yi masa. Ya ce, "A'a. Maƙwabcina a gida ya ajiye nasa, a cikin katifa. Shi a rana ɗaya aka kwashe, har da katifar. Ban san wurin da za ki ajiye abu ki ce kin gama da tsoro ba."

Kwana uku Sani yana zarya kafin amsa ta fito. Bankin Turai ne ya riƙe. Na'urarsu tana tace sunaye, ta ga Mahammadu Abdu, ta ce akwai mai irin wannan suna a jerin mutanen da aka hana hulɗa da su. Suka duba ranar haihuwa don su bambanta, suka tarar ɗaya ga Janairu, ranar da aka rubuta wa kusan duk tsaran Baba da aka haifa ba takarda. Wancan mutumin ma, ko waye shi, ɗaya ga Janairu ne. Saboda haka suna son hujjar ko wane ne Baba, da hujjar inda ya sami kuɗin.

Duk kwanakin nan ƙarya nake yi wa Baba. Nakan ce likita ta yi tafiya, ko ɗakin aikin ya cika. Shi kuwa jiki na ƙara nauyi. Ya daina iya kwanciya, a zaune yake barci da matasai uku a baya, ƙafafunsa sun yi suntum har fatar tana ƙyalli. Likitar ta ƙara masa magani ta ce zai riƙe shi na ɗan lokaci, ta kuma je ofishin kuɗi da kanta ta yi magana, aka ce mata ƙa'ida ce. Ranar da amsar ta zo na dama masa kunu, na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Da na bar ka da ɗamararka, da yanzu an gama."

Ya kurɓi kunun ya ajiye. Ya ce, "Na sani, Iya. Tun ranar da kika fara zuba mini abinci ke ba kya ci." Ya mai da numfashi. "Kakan nan nawa da na ce miki ya bi Sahara, sau biyu ana tare shi a kwashe kaya. A ɗamara yake sa nasa. Bambancin kawai, shi ya ga fuskar waɗanda suka tare shi." Can kuma ya ce, "Shi wannan takwaran nawa, me ya yi?" Na ce ban sani ba, ba sa faɗa. Ya ce, "Allah ya shirye shi. Ya sa tsoho ya sha wuya bai ma san da ni ba."

Washegari na kawo masa Malam Tijjani. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, wadda Baba ya yi kwana goma yana nema. Daga ranar kullum bayan la'asar sai ya hawo hawa bakwai ɗin, domin lif ɗin ya lalace, ya zauna su yi ta hira. Shi ya tsara wasiƙar da za a aika, da Turanci, ya ce kada a yi roƙo a ciki, a ba su abin da za su sa a fayil su kare kansu. Hujjar sayar da gona ita ce matsala, domin cinikin a gaban mai gari aka yi shi, da shaidu da fatiha. Sani ya hau babur ya tafi Dakusa. Mai gari ya sa aka rubuta takarda da hannu, wanda ya saya da shaidu huɗu suka dangwala yatsa, aka kai meri, ofishin magajin gari, aka buga hatimi. Ɗaya daga cikin shaidun yana gona, sai da aka bi shi can, shi ya sa akwai ƙasa a jikin tambarin yatsansa. Sani ya ɗauki hoto ya aika. Na yi ta tunanin ma'aikacin da zai buɗe wannan takarda a wani dogon bene a Turai, ko zai san cewa gero ake shukawa a wurin.

Sai jira. A cikin jiran nan ne na fara lura da abin da Malam Tijjani yake nuna mini a titi. Gurasar da ake zuro wa kwando, alkamarta daga wata ƙasa mai nisa take zuwa, inda ake yaƙi, shi ya sa ta ƙanƙance. Idan babban bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa, masu dukiya sai su janye kuɗinsu daga ƙasashe irin wannan su mai da can, kuɗin ƙasar ya faɗi, mai masaukinmu ta ƙara awarwaro ɗaya, Alhaji Garba a Kano ya rage kwano ɗaya. Na ce to wa ke riƙe da linzamin? Ya ce ya yi shekara ashirin da biyu yana zaton akwai wani a sama da ya san komai. Da ya hau sama kaɗan sai ya tarar kowa na kallon na gaba da shi ne.

Ranar kwana na goma sha tara da fitar kuɗin, ina shiga ofishin mutumin ya miƙe tsaye tun kafin in yi magana. Sun iso. Kowane banki da suka bi ya yanki ladansa, sai da na cika da abin da ke cikin ɗamarar Baba. Babu wanda ya ba da haƙuri, babu wanda ya yi bayani, ba mu kuma san wanda ya karanta takardar Dakusa ya ce a saki ba. Likitar ta ce jinkirin ya raunana shi, ba za ta ɓoye mini ba, hatsarin ya ƙaru. Washegari da safe aka shiga da shi ɗakin aiki. Awa shida ina zaune a baranda, Malam Tijjani na gefe da carbinsa, ya bar aikin tafintar ranar gaba ɗaya. Da likitar ta fito ta cire abin rufe bakinta ta ce, "Alhamdu lillahi," sai na ɗaga hannu na yi wa Allah godiya.

Mun ƙara mako uku kafin a ba mu izinin tafiya. Na sa ɗan abin da ya rage a ambulan na kai wa Malam Tijjani, ya mayar mini ya ce in saya wa Baba magani. Sai ya ce amma yana da buƙata ɗaya, mu zo gidansa cin abinci ranar Juma'a bayan an sauko.

Gidan ɗaki ɗaya ne da falo a wata unguwa mai ƙunci, su bakwai a ciki. Muka tarar an shimfiɗa ledar cin abinci daga bango zuwa bango. Rago guda aka gasa, ga kifi, ga wata miyar kuɓewa busasshiya da tuwo mai laushi da ta sa Baba ya ce ashe dai ƴan'uwa ne. An gayyato maƙwabta, duk mutanen Sudan, har kan matakala. Na san halin da gidan yake ciki, sai hankalina ya tashi. Na ja shi gefe na ce, "Malam, wannan ɗawainiya ta yi yawa. Don me?"

Ya ciro wayarsa ya nuna mini. Bankinsu ya farfaɗo da na'urorinsa a wani gari, asusun kowa ya dawo. Nasa yana nan cif, ba a taɓa ko ɗaya ba, sai dai darajar kuɗin ƙasarsu ta zube. Ya ce lokacin da yake tarawa, lissafinsa gida ne mai ɗaki huɗu da karatun ƴaƴa. A makon nan ya cire duka ta hannun wani ɗan canji. Ya biya hayar wata uku, ya sayi wa matarsa keken ɗinki na hannu, abin da ya rage shi ne wannan da ke kan leda.

Na ce da ya bari ko darajar za ta dawo. Ya ce, "Na yi shekara ashirin da biyu ina gaya wa mutane su bari. Wannan karon ina so in ga abin da na tara da idona, ko da sau ɗaya, mutane suna ci."

Baba yana jin mu daga inda aka jingine shi. Likita ta hana shi gishiri da maiƙo, tun da aka yi aikin ban bar shi ya taɓa nama ba, kullum muna faɗa a kan haka. Ya ce, "Iya, miƙo mini." Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu. Malam Tijjani ya yanko tsoka daga kafaɗar ragon, ya cire kitsen da yatsunsa, ya sa masa a kwano. Baba ya yi bisimilla ya ci a hankali, yana taunawa kamar mai gudun ta ƙare. Da ya haɗiye ya dubi mai gidan ya ce, "Guminka ya yi albarka, Malam. Na ci, na shaida."

Malam Tijjani ya cire tabaransa ya shiga goge su da bakin jallabiya, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya juya ga mutanen da ke kan matakala ya ce su matso, akwai sauran nama.